Jan Ɗigo a Gefen Zanen Baba

Kamloops,
Talata, tsakiyar watan Oktoba.

Zuwa ga Yayana Duarte,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Colleen da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, ya kuma tsare ku daga guguwar teku da nake jin labarinta a Halifax ɗinku. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. An ƙara wa maigidana Wendell aiki a tashar jirgin ƙasa, kullum yana gunaguni, amma na san daɗi yake ji. Sanyi ya fara shigowa, har na kwashe sauran tumatirin bayan gida kafin ya lalace. Baba yana cin abinci, yana shan maganin hawan jininsa ba sai na bi shi da kofin ruwa ba, ranar Lahadi ma da ƙafarsa ya taka zuwa coci. Jikinsa kam babu abin da ya same shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kake cewa da waya aka haife ni a kunne. Na ɗauki wayar ban san iyaka ba, in na zo kan sunanka sai in ajiye, don maganar ta ƙi fita ta baki. Kwalin da ka aiko wa Baba ya iso jiya. Ni na karɓa, kuma ka san hannuna, sai da na buɗe: burosan fenti masu kyau, da katin barka da yara suka yi wa ado. Na mayar na rufe, na tura shi bayan injin wanki. Don Allah ranar Lahadi in ka kira, kada ka yi masa barka. Yaya, ba a sayi zanen Baba ko ɗaya ba. Guda ukun nan da ya kira ka yana rawar murya ya ce an saya, aikina ne. Zan gaya maka yadda aka yi tun daga farko, in ya so ka zage ni gaba ɗaya a huta.

Ka san tun da Mama ta rasu Baba ya rufe shagon aski ya dawo wurina, garejina ya zama nasa. Motar Wendell a waje take kwana, ƙanƙara ta rufe ta, shi kuwa tsohon yana ciki da fentinsa da rediyonsa. Ni murna nake yi, don na samu abin da zai riƙe shi. In na shiga ɗauko wani abu sai in ce kai Baba, wannan ya yi kyau, in wuce. To a bazarar nan wata mata mai suna Ingrid, mai ɗan gidan baje zane a cikin wata gonar inabi a Naramata, ta ga hotunan aikinsa, ta ce za ta ba shi bango guda a baje kolin kaka, tare da wasu masu zane na yankin. Sai na ce mu mayar da abin tafiya: mu bi bakin tafki muna tsayawa a gonakin inabi da gidajen zane, mu ƙare da ranar buɗe baje kolin. Da ka ga shirin da Baba ya yi! Ya fito da kwat ɗin nan mai ruwan toka da ba ya sawa sai biki ko jana'iza, ya yi wa kansa aski da madubi biyu, ya kama Wendell ya zaunar da shi ya rage masa gira, wai ba zai shiga cikin mutane da suruki mai kama da tsintsiya ba.

Tafiyar ta fara da daɗi, wannan ma yana cikin abin da ke cin raina. Ana tsakiyar tsinkar inabi, ko'ina ƙamshin matsattsen inabi, an lulluɓe layuka da raga saboda tsuntsaye, rina na bin mutane har bakin kofi. A gona ta farko yarinyar da ke zuba mana ta ce za mu ji ƙamshin baƙin ceri da jiƙaƙƙen dutse da tsohuwar fata. Baba ya juya kofinsa, ya tura hanci, ya daɗe, sannan ya ce mata 'yata, a tsibirinmu na can gida giya ƙamshi biyu gare ta, ƙamshin inabi da ƙamshin ƙafar kawunmu da ya tattake shi, kuma babu wanda ya taɓa mayarwa. Yarinyar ta yi dariya har ta zubar a kan tebur. Shi Baba saboda maganinsa sai ya kurɓa, ya wurwura a baki, ya tofar a bokiti kamar yadda ake yi. Wendell shi ke tuƙa mu, ruwa da biskit kawai, yana ta cewa an kawo shi gadi. Ni kuwa na ce ban ga dalilin da zan tofar da abu mai daɗi ba, bokitin me ya yi min? Baba ya ce Lucinda, ɗanɗanawa aka ce, ba ƙarewa ba. Na ce ya ƙyale ni, hutu na zo.

Duk gidan zanen da muka shiga a hanya, Baba ba ya fara duba zanen sai ya duba gefensa, wurin 'yar takardar suna, ko an manna jan ɗigon nan na alamar an saya. In ya gani sai ya ja baya, ya harɗe hannu a baya, ya tsaya kallon zanen da girmamawa kamar ya ga babban limamin coci. A Penticton ne, muna cin burodi da cuku a kan benci, ya gaya min dalili. Ya ce duk rayuwarsa yana riƙe wa mutane madubi a ƙeya, babu wanda ya taɓa cewa askin bai yi ba, ko da ya ɓata. Kowa sai ya ce ya yi, Albano, ya yi. Saboda haka shi yabon baki bai ɗauke shi komai ba, sai mutum ya dawo da ƙafarsa wata na gaba sannan ka san gaskiya. Ya ce jan ɗigo shi ne dawowar: baƙon da bai san ka ba, ba ya jin kunyarka, ba ya tausayinka, ya ce wannan zan kai gidana. Da kunnena na ji wannan magana, Yaya, bakina cike da cuku, har ina gyaɗa kai. Ba zan iya cewa ban sani ba.

Ranar Asabar da la'asar aka buɗe. Gidan zanen tsohon ɗakin ajiye ganguna ne aka yi masa farin fenti, ƙofarsa na kallon tafki. Mutane sun cika, kowa da kofi a hannu. Wani saurayi mai zana dawaki, kafin a jima bangonsa ya yi ja. Wata mai zana furanni ma ta samu. Baba yana tsaye gefen bangonsa da kwat ɗinsa, hannu a baya, yana yi wa kowa murmushi, mutane na zuwa su ce masa ya yi kyau, su wuce wurin cuku. Na ga yana satar kallon 'yan takardun sunansa, ya ɗauke kai, ya sake kallo. Da rana ta kusa faɗuwa Wendell ya ja shi waje su sha iska, Ingrid kuma tana can ƙurya da mai dawaki. Sai na ga takardar jajayen ɗigon a kan teburinta, kusa da biro, babu kowa. Ba zan ɗora wa giya laifi ba, duk da na sha a gona uku ban tofar ba. Giya hannu kawai ta sake min, tunanin nawa ne, irin wanda ka sani tun muna yara: Lucinda mai gyara, ba a ba ta aiki ba ta karɓa. Na ce a raina gobe in kira Ingrid in saye su da sunan wata ƙawata, wa zai sani? Na ɓare uku, na manna, na mayar da takardar, na ɗauki kofina.

Sai Baba ya shigo ya gani. Ya ciro tabarau, ya goge da gefen kwat, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bango. Sai ya juyo yana neman fuskata cikin mutane, ya ɗaga min yatsu uku. Ni kuwa na tafa hannu na rungume shi, na ce ai na gaya maka, Baba! Nan take ya ce a ba shi waya ya kira Duarte, ka kuma ji sauran da kunnenka. Har mai dawakin ya zo ya ba shi hannu ya ce maigida, ashe ɓoye mana kai ka yi. A lokacin, gaskiya, daɗi na ji. Na ɗauka na yi abin kirki.

Ba a daɗe ba wata mata ta shigo da sauri, da rigar ruwa ɗorawa, makullin mota a hannu. Na tuna na gan ta ɗazu ta daɗe a gaban bangon Baba. Ta nufi zanen da ke kusa da ƙofa, ta ga ɗigon, ta tsaya cak. Ta tambaya ko shi ne mai zanen, Baba ya ce shi ne. Ta ce wayyo, fita kawai ta yi ta shawo kan mijinta a mota, don hanyarsu da nisa kuma motar ta cika da kwalaye, ga shi ya yarda, ta dawo an riga ta. Ta ce tun da ta gan shi ta kasa barin wurin. Baba ya dafa ƙirji ya ba ta haƙuri, yana ba ta haƙuri yana alfahari, ya nuna mata sauran da ba a saya ba. Ta ce a'a, wancan take so, ta yi masa fatan alheri, ta fita. Ina tsaye tsakaninsu, Yaya, kafaɗata na gogar tata. Kalma ɗaya ta isa, in ce kuskure ne, ba a saya ba. Na buɗe baki, na kalli fuskar Baba, na tuna idon mutane, na rufe. Na bi rigar ruwan nan da ido har ta shiga mota. Baƙon da Baba yake jira duk tsawon tafiyar nan ya zo da ƙafarsa, ni na kore shi. Duk cikin abin da na yi, wannan shirun ne ke hana ni cin abinci.

Na yi niyyar in riga kowa kiran Ingrid da safe, sai Baba ya riga ni tashi. Na fito na tarar ya sa kwat, wai sai mun biya ta can kafin mu kama hanya, yana so ya ji sunayen waɗanda suka saya don ya yi musu godiya, haka aka koya masa. Na ce Baba ba a yin haka, ya ce shi zai fara. Muka same ta tana kwashe kofunan jiya. Da ya tambaye ta sai ta ajiye tiren, ta ce dama tana neman yadda za ta kira shi. Ta ce ita ba ta sayar ba, mijinta ma bai sayar ba, ba ta san yadda ɗigon ya hau bangon ba. Ta kalle ni sau ɗaya, kallo gajere, sannan ta ce wataƙila yaran baƙi ne suka yi wasa da takardar, ya taɓa faruwa. Ƙofa ta buɗe min, ni kuma na shige da gudu. Ka san abin da ƙanwarka ta ce? Na ce kai, yaran yanzu ba su da tarbiyya, iyayensu suna can suna shan giya sun sake su. Wendell ya kalli ƙasa, kunnuwansa suka yi ja, don tun a masauki na gaya masa.

Baba ya juyo gare ni. Ka tuna ɗabi'arsa ta mai aski, ba ya iya ganin gashi ko zare a kafaɗar mutum bai cire ba, ko a coci ne. Ya matso kusa da ni, na ɗauka dafa ni zai yi. Sai ya miƙa yatsu biyu ya ciro wani abu daga bakin hannun rigar sanyina, wadda na sa jiya. Jan ɗigo ne, na huɗu, ya manne tun jiya ban sani ba. Ya riƙe shi a kan ɗan yatsa, ya dube shi, bai dube ni ba. Ya juya ya ba Ingrid haƙuri a kan ɓata mata ciniki da aka yi, ya je bangonsa ya ɓare ukun nan da farce, a hankali don kada ya yaga takardun suna, ya mayar mata a tafin hannu. Na huɗun ya sa a aljihun kwat. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

A hanyar dawowa na yi ta magana, ka san ni in na ji kunya bakina ba ya tsayawa. Na ce don ina son sa ne, na ce zan saye su duka da kuɗina, na ce zan nemo matar. Ya ce ba ya sayar wa mai bangon da zanen ya shekara a jingine. Da muka wuce Summerland ya ce Wendell ya tsaya a bakin tafki yana so ya miƙe ƙafa. Na bi shi. Na shirya wa faɗa, da ya yi faɗan ma da na samu sauƙi. Sai ya yi min magana a hankali, har da ɗan murmushi. Ya ce ya yi tunani a mota, ya ga abin bai kai ya ɓata rai ba, tunda ko ba komai 'yarsa ta tsaya a gaban bangonsa ta zaɓi uku da suka fi shiga ranta. Ya ce in gaya masa, me ya sa waɗannan ukun?

Yaya, waɗanda suka fi kusa da teburin na manna wa, don in yi sauri kada a gan ni. Na kau da kai na kalli tafki. Ya jira. Sai ya sauƙaƙa min tambayar, ya ce to na kusa da ƙofa, wanda matar nan ta so, me ke cikinsa? Na lalubi ƙwaƙwalwata, na tuna akwai shuɗi da yawa da haske ta gefe guda, na ce tafki ne, ko? Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya tafi, ina kallo. Ya ce: "Uwarki ce, Lucinda." Ya ce Mama ce ta baya, zaune a kujerar aski da shuɗin ƙyallen shago a wuyanta, ranar da ya rufe ƙofa da wuri ya aske mata kai, lokacin da maganin asibiti ya fara zubar mata da gashi. Hasken kuma tagar shago ce. Ya ce ya so wani wanda bai taɓa saninta ba ya kai ta gidansa ya riƙa ganinta kullum, shi ya sa ya yarda ya rataye shi. Daga nan ya ce iska ta yi sanyi, mu koma mota. Zanen nan ya shekara a garejina, kusa da inda nake ajiye buhun dankali. Na ce masa ya yi kyau ban san iyaka ba, kuma ban taɓa ganin uwata a ciki ba.

Tun da muka dawo bai shiga garejin ba. Ba ya fushi, yana gaishe ni, yana yaba miyar ganye da dankali in na dafa, ya ce ta yi, Lucinda, ta yi, kuma yanzu na san abin da wannan kalma take nufi a bakinsa. Jiya da safe ya ce wa Wendell ya riƙa shigar da motarsa ciki, sanyi na zuwa, wurin ba shi da amfani. Na shiga in gyara wuri sai na ga akwatin fentinsa a rufe, ya manna ɗigon na huɗu a kan murfin. Na kira Ingrid na ba ta haƙuri yadda ya kamata, ta ce matar ba ta bar suna ba, amma zanen na nan rataye har ƙarshen wata. Ranar Asabar zan koma Naramata ni kaɗai, ba gona ko ɗaya da zan tsaya, in ja kujera in zauna a gaban bangon nan har sai na ga abin da ke cikin kowanne. Ban sani ba ko zai sake tambayata. In ya tambaya, ina so a ce ina da amsa.

Da na fara wannan takarda, niyyata in roƙe ka ka sa wani abokinka na can ya kira Ingrid ya sayi ɗaya kamar baƙo. Na rubuta har na yaga, ka ga har yanzu hannun nawa bai daina ba. Ɓoye kwalinka ma duk cikin halin ne, gobe wurin karin kumallo zan ba shi yadda ya zo, da katin da komai, in gaya masa ni na ɓoye. Roƙona ɗaya ne. Baba ya ce min duk zanen da ya gama yana tura maka hotonsa a waya, kai kuma kana mayar masa da alamar babban yatsa. Ban tambaye ka ko kana buɗewa ba, ba ni da bakin tambaya. Amma kafin Lahadi ka nemo mai shuɗin nan, ka zauna ka dube shi da kyau. In ka kira kada ka yaba masa. Ka tambaye shi labarin ranar da ya aske wa Mama kai.

Ka gaishe min da Anti Colleen, ka ce na ga hoton sabon kicin ɗinta, Allah ya sa a ci lafiya. Ka shafa min kan Tomas da Beatriz, ka ce katinsu ya iso kuma kakansu zai gani. In ka je wurin Gwaggo Idalina a gidan tsofaffi ka gaishe ta, amma kada ka ba ta wannan labari, in ba haka ba kafin dare ya kai tsibiri. Wendell yana gaishe ka da kyau. Babu gaisuwar Baba a ciki, don bai san ina rubuto maka ba, kuma na daina faɗin magana da sunansa.

Ƙanwarka mai jin kunyarka,
Lucinda